Littafin da nake rubuta sugan Baba

Laraba, da daddare.

Yau mako 10 cif da bugun zuciya ya kayar da Baba, kuma yau ce ranar sake ɗaukar hoton zuciyarsa. Da asuba na soki ɗan yatsansa kamar kullum, na'ura ta nuna 72. Na rubuta a littafina ina jin daɗi, wai ni a dole na iya jinya.

A ɗakin hoto suka kwantar da shi ta gefen hagu, aka shafa masa wani mai mai sanyi a ƙirji har ya ɗan zabura. Ni dai abin da nake gani a allo wani abu ne yana buɗewa yana rufewa kamar bakin kifi. Likita ta ce suna auna kashi nawa na jinin da ke babban ɗakin hagu zuciya ke iya turowa a bugu ɗaya. Mai lafiya yakan turo 55 zuwa 70 cikin 100. Lokacin da aka kwantar da Baba 35 ne, yau 44. Ta ce naman da ya mutu ya zama tabo, ba ya dawowa, amma na gefensa suma kawai ya yi, da aka buɗe jijiyar jinin da ta toshe sai ya riƙa farfaɗowa. Shi ya sa ba sa gaggawar maimaita hoton. Baba sai hamdala yake.

Daga nan na miƙa mata littafin, ina jiran yabo. Tana buɗe shafi ta tsaya a kan 61, ta sake tsayawa a kan 58.

"Wa ke kula da abincin Baba?"

"Ni ce, Likita."

Baba ya yi ƙasa da kai yana danne dariya.

Gaskiyar magana, tun daren da muka kai shi na ga sugansa ya haura 300 tsoro ya shige ni. Na sa wa kaina cewa suga ne ya ci zuciyarsa, sai na ga bayan sugan nan. Na rage masa abinci rabi, na dare ma wani lokaci in ce ya haƙura, alhali yana shan gliclazide ɗinsa, maganin rage suga, kamar da. Likita ta ce ciwon suga yana ɓata jijiyoyi a hankali, wannan haka yake. Amma adadin wancan daren har da firgicin jiki a ciki, don in jiki ya shiga uku sinadaran da yake saki, adrenalin da kotisol, kan sa hanta ta zubo suga cikin jini. Gwajin HbA1c shi ke nuna halin sugan jini na wata 3 da suka wuce, shi ya kamata in sa wa ido.

Abin da ya sanyaya min jiki shi ne maganar faɗuwar suga. In ya yi ƙasa da 70, jiki na sakin adrenalin, zuciya mai tabo kuwa tana iya rikita bugunta. Ga shi bisoprolol, maganin zuciyar da yake sha, yana ɓoye faɗuwar gaba da rawar hannun da ke yi wa mutum kashedi, gumi kaɗai ne ba ya ɓoyewa. Nan na tuna safiyar da na tarar da rigarsa sharkaf, na ce zafi ne, na ƙara buɗe taga.

Ta ba ni labarin binciken ACCORD a Amurka da Kanada, masu ciwon suga fiye da 10,000. An matsa wa wasu da magani don HbA1c ɗinsu ya yi ƙasa da 6, a 2008 aka dakatar da matsin saboda mace-mace sun fi yawa a cikinsu. Ban ce uffan ba.

Ta cire gliclazide ta sa empagliflozin, wanda ke fitar da suga ta fitsari, ba kasafai yake kayar da shi ƙasa ba, kuma yana taimakon raunanniyar zuciya ko ga marar ciwon suga. Ta ce ya kula da shan ruwa da tsafta, in amai ya kama shi ko ya kasa cin abinci a dakatar da maganin a kira ta.

A mota Baba ya ce, "Uwata, ashe yunwar da nake kuka da ita ba ƙorafin tsufa ba ne." Na ce ya yafe min. Ya ce zai duba, sai ya ga kwanon dare tukuna.

Na cika masa kwanon. Awa 2 bayan ya ci na gwada, 148. Sai da na daɗe riƙe da biro kafin na rubuta.