Matatar yashi, mako na shida: ruwan ya rage gudu

'Yan'uwa masu koyon wannan aiki, ga inda aka kwana. Matatar ruwan sha da na haɗa cikin duron roba a gidanmu na Marwa, a Kamaru, ta cika mako shida. Manyan tsakuwa a ƙasa, ƙanana a kansu, sai yashi mai laushi kamar santimita 55 da na ɗebo daga kogin Mayo Tsanaga, na tankaɗe, na yi ta wankewa. Bakin bututun da tataccen ruwa ke fita na ɗaga shi yadda ruwa zai tsaya santimita 5 a kan yashin ko da ba a zuba sabo ba. Kada ku yi wasa da wannan ma'auni. Yauƙin da ke taruwa a saman yashin, shi ke cinye yawancin ƙwayoyin cuta. Yana ɗaukar kusan kwana 30 kafin ya nuna, in kuwa ya bushe ya mutu. David Manz ne ya fito da wannan tsari a Jami'ar Kalgari ta Kanada a farkon shekarun 1990.

Da farko lita ɗaya na cika cikin minti biyu da rabi, daidai yadda ake so. Shekaranjiya sai da ta ci minti tara. Na cire farantin da na huhhuda na ɗora sama da yashin don ruwan da ake zubawa kada ya tone shi, na motsa saman yashin da yatsu a hankali, na kwashe ruwan dauɗar da kofi. Gudu ya dawo. Amma me ya toshe ta da wuri haka? Ruwan rijiyarmu ne ya gurɓace tun da ruwan Agusta ya kankama, har da ɗan wari.

Na bi sawu zuwa bayan gida, inda ruwan salga ke fita ta bututu mai huji ya bi kwalbatin tsakuwa don ƙasa ta shanye. Wurin ya zama taɓo, ciyawa ta yi kore shar. Ƙasarmu baƙar laka ce, irin karal da ake dasa masakwa a cikinta: da rani ta tsage, da damina ta kumbura ta riƙe ruwa. Na haƙa ɗan rami na cika shi da ruwa da magariba, da asuba na tarar bai ragu da faɗin yatsa biyu ba. Ga kuma ruwan wanke-wanke mai maiƙo da sabulu da muke turawa can. Da na tono tsakuwar, baƙin yauƙi ya lulluɓe ta, ɗan'uwan wanda nake lallaɓawa a cikin duro, sai dai a nan shi ya toshe hanyar ruwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tazara. Na auna, mita 12 ce tsakanin kwalbatin da rijiya, alhali abin da ake so aƙalla mita 30. Yara na sha daga nan.

Don haka ko ruwan ya fito garau daga matata, sai an tafasa ko an ɗiga ruwan Javel, wato bilic. Kafin in zuba a duro kuma ina barin sa ya kwanta da garin 'ya'yan zogale. Ruwan wanke-wanke na raba masa hanya tun jiya. Sabon kwalbati sai ruwa ya ɗauke a Oktoba, can nesa da rijiya. Wanda ya taɓa haƙa irinsa a ƙasar karal, zurfin nawa ka yi kafin ka tarar da yashi?