Sugan Baba ya sauka, amma shi ya yake ji?

Shekara huɗu kenan ina jinyar Baba, ciwon suga da hawan jini, kuma duk zuwa asibiti abu ɗaya ne, a ɗibi jini a auna bipi a rubuta lamba a ce an samu sauƙi. To amma ni da nake kwana kusa da shi na san ko maɓallin riga baya iya sawa sai na kama masa, na san dare uku bai runtsa ba saboda zugin ƙafa, kuma duk wannan baya fitowa a takardar gwaji.

Sai wata nas ta kawo mana fom ɗin WHOQOL-BREF na Hukumar Lafiya ta Duniya mai auna ingancin rayuwar mutum, tambaya 26 ne, sun taɓo lafiyar jiki, halin da zuciya ke ciki, mu'amala da mutane da kuma muhalli. Da aka zo kan ko yana jin rayuwarsa na da ma'ana sai Baba yayi shiru ya daɗe yana murza yatsunsa, wallahi ni ban taɓa tambayarsa haka ba.

Ashe nima akwai nawa, Zarit ake ce masa, tambaya 22, kowacce maki 0 zuwa 4, nauyin da mai jinya ke ɗauke da shi ake aunawa. Tana tambayata ko ina samun lokacin kaina kawai sai hawaye. Ni dai a ganina a riƙa cike biyun tare, don lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyu Baba bai sha maganinsa daidai ba.