Na je Bagadadji, shagon Malik mai hoto

Kwanana uku da dawowa Maraɗi, kumburin ƙafata bai gama sacewa ba. Daga Yamai zuwa Wagadugu da Bobo ba abin faɗa sai ƙura da barci a zaune. A bakin iyaka kafin Sikaso ne wani jami'i ya ciro tsohuwar kyamarar mahaifina daga jaka, ya juya ta kamar ya kama makami. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ko fim babu a ciki." Ya jefa ta kan tebur, ya sa na tsaya a rana har sai da direba ya zo ya ba shi baki.

Don wannan kyamara na yi tafiyar. Mahaifina mai hoto ne, kuma tun ina yaro nake jin sunan Malick Sidibé a bakinsa: Bafulatanin ƙauyen Soloba, mai ido ɗaya, wanda ya tashi yana kiwo, aka kai shi makarantar sana'a a Bamako saboda iya zane, ya koyi hoto a shagon wani Bafaranshe daga 1955.

Da na isa Bamako, babban birnin Mali, na hau sotrama, koren bas ɗinsu, zuwa unguwar Bagadadji. Su ma da biyar-biyar suke lissafin sefa, abin da muke ce wa dala, don haka yaron mota bai iya cutata ba. Shagon ɗan ƙarami ne, da ƙyar mutum huɗu za su juya a ciki. A nan mutumin da bikin baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya ya ba babbar lambar yabo ta Zakin Zinariya a 2007 ya yi aiki har ya tsufa! Kantoci cike da tsofaffin kyamarori, don gyara ma yana yi, ga labule mai ratsi-ratsi da aka ɗauki rabin Bamako a gabansa.

Wani daga cikin iyalansa ya shimfiɗa mini kujera, ya ɗora shayi, ya fito da hotuna. Bayan 'yancin kai a 1960, Malik kan bi gidajen rawa da dare a kan keke, ya wanke fim kafin gari ya waye, ya manna ƙananan hotuna a kwali, samari su zo su zaɓa. Na daɗe a kan na 1963: saurayi cikin farar kwat, budurwa ba takalmi, goshinsu kamar zai taɓa juna. Ba sarki, ba minista, 'ya'yan talakawa ne a ranar farin cikinsu. Hawaye ya zo mini, saboda na tuna buhun fim ɗin mahaifina, bukukuwa da sunaye da hawan salla na shekara da shekaru, da muka bari a zaure har ruwa da gara suka cinye.

Mai masaukin ya duba kyamarar, ya hure ƙura, ya ce lafiyarta lau. Ya ɗauke ni hoto a gaban labulen, kuɗin ya ninka na gida sosai, amma ban yi ciniki ba. Malik kuwa ya rasu tun Afrilun 2016.

Shinkafa da miyar gyaɗarsu ta fi tamu kauri, ɗaki kuma tsada. Kogin Kwara na gan shi ne daga kan gada kawai. A dawowa motarmu ta lalace kusa da Bobo, muka kwana a tasha.