Ashe ba hunturu ba ne

Talata. Yau muka kai Inna hoton da likitan haƙori ya rubuta. Yaya ya sauke mu ya wuce kasuwa.

Tun shigowar hunturu hancinta na hagu a toshe yake, ga majina mai wari, ga kunci na ciwo in ta yi sujada. Kowa a Sakkwato da ƙura yake fama yanzu, wa zai kawo haƙori a ransa?

Hoton farko, mai nuna haƙora duka a jere, bai gamsar da likita ba. Ya ce a shimfiɗe yake, ƙasusuwa na hawan juna. Na yau CBCT sunansa, mai nuna ƙashi ta kowane ɓangare, kuma ba kowa ake yi wa ba, don hasken X-ray ɗinsa ya fi na wancan ƙarfi. Inna ta cire 'yan kunne, ta ɗora haɓa kan ɗan mariƙin, na'urar ta zagaye kanta, ko minti ba a yi ba.

Likita ya juyo mana da kwamfuta. Kogo ne a ƙashin kunci, ƙarƙashin kowane ido. Na dama baƙi ƙirin, iska zalla, lafiya ke nan. Na hagu toka-toka, fatar cikinsa ta kumbura. Ya bi da biro har saiwar haƙorin turmi na sama da ya ruɓe, inda ɗan ƙashin da ya raba ta da kogon ya cinye.

"Mi ya haɗa haƙori da hanci, likita?"

"Maƙwabta ne, Hajiya, katangarsu ɗaya." Ya ce toshewar gefe guda mai wari, dole a duba haƙori. Ya kuma ja kunnenmu kada wani ya cire shi a gida, don yana iya barin kafa tsakanin baki da kogon, ta sha ruwa ya fito ta hanci.

Nan Inna ta sunkuyar da kai ta ce masa warin ne ya sa ta daina ɗaukar jikoki, ta koma cin tuwonta ita kaɗai a ɗaki. Likita ta faɗa wa. Mu da muke kwana gida ɗaya ba ta taɓa faɗa mana ba, har Anti na cewa ko fushi ake da mu. Wannan maganar ta hana ni sakat har yanzu.

A keke na ce, "Inna, me ya sa ba ku gaya mana ba?" Ta ce in bar zancen.

Alhamis sai likitan hanci. Ba a kawo wuta ba. Yaya ya ce in turo masa lissafin kuɗin kafin ya kwanta.