Allura sabuwa, safar hannu tsohuwa

Jiya da sassafe, cikin sanyin nan na Jos, na raka Hajiyarmu gwajin jini a wani asibiti. Allurar dai sabuwa ce, a gabanmu ma'aikaciyar ta yage ledarta. Amma safar hannunta ita ce wadda ta ɗebi jinin mutum uku da ita kafin mu, kuma robar da za ta ɗaure damtsen Hajiya akwai busasshen jini a jikinta. Da idona na gani.

Na ce, "Sista, don Allah a taimaka a canja safar, a goge robar nan." Ta ɗan ɓata rai, amma ta yi.

Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 a busasshen jini ba ta mutu ba. Mu duk hankalinmu na kan allura, alhali har ɗan abin huda yatsa na gwajin suga yana yaɗa ta idan mutane da yawa suna amfani da guda ɗaya.

Hajiya sai zungurina take, wai kada in jawo mana wulaƙanci. Wata tsohuwa da ke bayanmu ita kaɗai ta zo. Har muka hau Keke Napep ina tunaninta.