Ƙa'idar suna a XML ba a ƙirƙiro ta da ka

Wani yaro da ya zo IT ofishinmu na Unguwan Rimi ya kira ni in duba aikinsa. An ba shi fayilolin Excel na wani shagon magani ya mayar da su XML, wato tsarin rubuta bayanai da manhajoji ke musaya da shi, inda kowane bayani ke cikin alama (tag) mai suna. Ya ɗauki taken kowane jeri ya mai da shi sunan alama, ya rubuta regex, wato tsarin tace haruffa, layi ɗaya da ke share duk abin da ba A zuwa Z ba ko lamba. Ya ce, "Oga, ga shi ya fita, babu matsala." Na tambaye shi inda ya samo wannan ƙa'ida, ya nuna mini wayarsa, AI ya tambaya. Na so in yi masa faɗa, sai na tuna ni ma na taɓa rubuta wannan layin, kuma ni ko wayar da zan ɗora wa laifi ba ni da ita.

Shekarun baya na karɓi aikin wata makarantar kuɗi a Tudun Wada. Za a kwashe rajistar ɗalibai a zuba a sabuwar manhajar biyan kuɗi, ita kuwa XML take karɓa. Taken jerin da Hausa aka rubuta su, wasu da Turanci, kowane akawu da salonsa. Ni a tunanina XML ƙanin HTML ne, harshen rubuta shafukan intanet, abin da ka ba shi zai haɗiye. Fayil na farko aka dawo mini da shi nan take, saboda akwai taken da ya fara da shekara, wani kuma da sarari a tsakiya. Injin da ke karanta XML ba ya yafiya irin ta burauza. Da ya ci karo da suna mara inganci ya tsaya, haka aka tsara shi tun da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar da XML 1.0 a 1998.

Maimakon in buɗe takardar ƙa'idar, sai na yi hasashe. Na ce tunda Turawa suka yi abin, haruffansu kaɗai zai karɓa. Na share sarari, na share hamza, na share ɓ da ɗ da ƙ. "Kuɗi" ya koma "kui", "ɗalibi" ya koma "alibi". Na gani, na yi dariya, na bari, don ba mutum ne zai karanta ba. A yi mini adalci dai: data a lokacin tsada gare ta, wuta sai an roƙa, mai makaranta kuma yana kira safe da yamma don zangon karatu ya ƙarato. Kuma wa zan tambaya? Amma duk da haka, sashen da ya yi maganar suna a takardar bai fi layuka kaɗan ba. Kasala ce.

Ɓarnar ta fito daga inda ban duba ba. Akwai jerin "'Ya'ya", adadin yaran da uba yake da su a makarantar, da shi ake yin ragin kuɗi. Akwai kuma "Yaya", sunan wan ɗalibi ko yarsa in suna makarantar. Da na share hamza, duka biyun suka zama suna ɗaya. XML bai hana alamomi biyu masu suna ɗaya su jeru ba, don haka fayil ya wuce lafiya. Manhajar ta ɗauki na ƙarshe, ragin ya ɓace, aka aika wa masu yara huɗu da biyar takardar cikakken kuɗi. Akawu ya sha zagi a bakin ƙofa a kan laifin da ba nasa ba. Har yanzu nakan ce masu manhajar ma da nasu laifin, me ya sa ba su ƙi karɓar suna a wurin da ake jiran lamba ba? Gaskiya ne, amma ni na haɗa fayil ɗin.

Abin da ya fi ba ni haushi daga baya shi ne haruffanmu masu ƙugiya halal ne a sunan XML: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da manyansu duka. Bugu na biyar na ƙa'idar, na 2008, ya faɗaɗa haruffan da aka yarda da su, amma namu suna ciki tun kafin nan. Suna yakan fara da harafi ko ɗan layin ƙasa. Lamba, karan ɗori da ɗigo suna iya zuwa daga baya, ba a farko ba. Babu sarari. Hamzar da ke kan kibod ba ta shiga, amma harafin Unicode mai lamba U+02BC, mai kama da ita, yana shiga. Ruwa biyu ya halatta a ƙa'ida, sai dai an ware shi don raba gidan suna (namespace, wato rukunin da sunan ya fito) da sunan, ka bar shi. Sunan da ya fara da xml, ƙarami ko babba, na masu ƙa'idar ne. "Aji" da "aji" kuma sunaye biyu ne daban. Regex ɗin yaron nan ko lambar farko bai hana ba, ya kori na gida ya bar baƙo.

Na yi niyyar jero shawarwari da yawa, amma ku yaran yanzu ba kwa karanta abin da ya wuce allon waya. To, kada ka rubuta mai tantance sunan da kanka. Akwai kayan aikin da aka riga aka rubuta: a .NET na Microsoft akwai XmlConvert.VerifyName da VerifyNCName, lxml na Python yakan ƙi mugun suna tun wurin ƙirƙirar alama, xmllint kuma zai duba maka fayil gaba ɗaya. Ka yi hattara da ElementTree na Python, shi yakan rubuta abin da ka ba shi bai duba sunan ba. Amma ka karanta ƙa'idar da idonka, ko da ba za ka rubuta ta ba. Injin da kuke tambaya yakan ba ku abin da ya fi yawa a intanet ne, mafi yawan kuma an rubuta su ne ba a san da ƙ a duniya ba.

Mafi sauƙi ma, kada taken da mutum ya rubuta ya zama sunan alama sam. Ka yi alama guda ka kira ta fili, ka sa taken a cikin sifarta (attribute, ƙarin bayanin da ake rubutawa a jikin alama) yadda yake, laburaren da ke rubuta maka XML ɗin ya kula da alamomi na musamman irin & da < da alamar zance. Haka lambar rajista mai farawa da shekara ko mai jirkitaccen layi: HTML na yanzu zai karɓe ta a matsayin id muddin babu sarari, amma sifa mai nau'in ID a XML dole ta zama ingantaccen suna, don haka ka ajiye lambar a sifa ta daban.

Na ce ƙugiya halal ce, kuma ban janye ba. Amma in fayil zai tafi manhajar da ban san wanda ya rubuta ta ba, nakan rubuta d a madadin ɗ a sunan alama, da hannuna, sannan in duba ko sunaye biyu sun zama ɗaya kafin in aika.