Kek ɗin Bama: Wasiƙa daga Karolina ta Arewa

Assalamu alaikum.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya. Ya gida, ya yara, ya haƙuri da hidima? Mu nan Girinsboro ta ƙasar Amurka sai godiyar Allah.

Yau maganar kek na kawo muku, kuma na san tun ban yi nisa ba wasu za su yamutsa fuska, don kek ne da ake kwaɓawa da bama. E, bamar nan dai da kuka sani, wadda ake cakuɗa kabeji da karas da ita ranar suna, wadda mai shayi ke shafa wa burodi. Ita ake zubawa kofi guda cur a cikin fulawa da garin cakulan, ba ƙwai ba bota, a gasa. Ni ma ranar da aka fara gaya mini sai da zuciyata ta tashi. Sai dai a lokacin na riga na cinye yanka uku, ba halin mayarwa.

Shekarar da muka zo ƙasar nan na haihu cikin hunturu. Ba uwa a kusa, ba goggo, ba mai dama mini kunun kanwa. Kwana huɗu da dawowarmu daga asibiti sai ga tsohuwar da ke ƙofar da ke kallon tamu, farar fata, ta dogara sanda, ɗaya hannun riƙe da faranti a rufe. Mutanen kudancin Amurka suna da wannan ɗabi'a, in an yi haihuwa ko rasuwa maƙwabta kan kawo abinci. Na yi mata tambayar da kowane Musulmi ya saba yi a nan: da man alade a ciki? Da giya? Ta ce babu ko ɗaya. Na buɗe, na ga kek baƙi wuluk, an yanka shi murabba'i murabba'i. Na danna da yatsa, ya lotsa ya dawo. Washegari ya fi jiya laushi, ranar ta uku ma bai bushe ba, alhali kek ɗinmu na biki in ya kwana biyu sai da ruwan shayi yake wucewa.

Da na mayar mata da farantinta na roƙe ta sirrin. Ta shiga ciki ta fito da wani ɗan kati da ya koma ruwan ƙasa don tsufa, gefensa duk tabon mai, da rubutun hannun mahaifiyarta. Layi shida ne kacal. A na biyar na ga kalmar, na sake karantawa, na ɗago na dube ta. Ta yi ta dariya har sai da ta riƙe ƙofa.

Wannan katin ya nuna mini wata Amurka da ba a ba mu labarinta a gida. Mu dai mun tashi da tunanin nan ƙasa ce da ba a taɓa kwana da yunwa ba. A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannayen jari ta Niyok ta rushe, bankuna suka bi ta, ya zuwa 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba shi da aikin yi, magidanta suna bin layin karɓar miya da burodi. Ba su gama farfaɗowa ba suka faɗa Yaƙin Duniya na Biyu a ƙarshen 1941. Daga watan Mayun 1942 gwamnati ta fara rabon sukari da kati, a farko rabin fam ga kowane mutum a mako, wato kimanin giram 225. A watan Maris na 1943 bota da nama da kitse suka shiga sahu. Sukari bai fita daga wannan ƙangi ba sai 1947. Ku duba, kek ɗin nan yana cin sukari kofi ɗaya, kusan giram 200, kenan rabon mutum guda na mako ne ke tafiya a faranti ɗaya. Tsohuwata tana ƙaramar yarinya a lokacin. Ta ce in ranar haihuwar wani ta matso, sai kowa a gidan ya rage wa shayinsa zaƙi, a tara.

A irin wannan hali mata suka yi ta ƙirƙiro kek da abin da ke hannu: wani ba ƙwai, wani ba madara, wani har da miyar tumatir ta gwangwani. Na bama yana cikin waɗanda suka rayu har yau. Kamfanin bama na Hellmann's, wanda wani Bajamushe mai suna Richard Hellmann ya faro daga shagon abincinsa a Niyok, yana cewa matar wani dillalinsa ce ta fito da shi a 1937, daga nan suka yi ta yayata shi a tallace-tallacensu. Ni dai a ganina akwai wayon 'yan kasuwa a ciki. Mai shafa wa burodi cokali ɗaya yake ɗiba, mai kek kuwa sai ta kusa tada rabin kwalba. Tsohuwata kam ba ruwanta da Hellmann's. Bamar Duke's take saye, wadda Eugenia Duke ta fara a 1917 a garin Girinbil na Karolina ta Kudu, tana sayar wa sojoji burodi da haɗi. Ba a sa mata sukari, kuma 'yan kudu ba su yarda akwai wata bayanta ba. Ita kanta bamar da ta zame mana sunan abin gaba ɗaya, yadda kowane garin wanki ya zama omo, daga jihar Alabama sunan ya samo asali.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne da na juya kwalbar na karanta bayanta. Mene ne a cikin bama? Mai, gwaiduwar ƙwai, ruwan khal ko lemon tsami, gishiri. Shi ke nan fa. A dokar ƙasar nan ma, ba a yarda a kira abu mayonis, wato bama, ba sai mai ya kai kashi 65 cikin 100 na nauyinsa. To wace mai kek ce ba ta zuba mai da ƙwai? Bambancin kawai, a nan an riga an buga su sun kama juna, mai ya farfashe ya zama ƙananan ɗigo da ido ba ya gani, don haka yana shiga ko'ina cikin ƙullun. Kuma mai ba ya daskarewa in ya huce yadda bota ke yi, shi ya sa laushin ke daɗewa.

Tsamin kuwa aiki yake yi. Duk wadda ta taɓa zuba ruwan kanwa a miyar yakuwa ta ga yadda take tasowa da kumfa, tsamin ya mutu. Haka bekin soda ke yi in ya haɗu da ruwan khal ɗin cikin bama da ɗan tsamin da garin cakulan ke da shi: kumfa ta tashi, kek ya kumbura, ɗanɗanon bama ya ɓace ɓat. Amma don Allah kada wata ta ce na ce a sa kanwa a kek. Kuma soda na ce, ba baƙar hodar da muke sa wa cincin ba, ita tana tafe da nata tsamin, ba za ta kashe na bamar ba.

Ga awon katin. Kofinsu na nan kimanin mililita 240 ne, wato gwangwanin madarar ruwa ɗaya da rabi, don haka na juya muku shi zuwa namu. Fulawa gwangwani 3, sukari 1 da rabi, garin koko rabin gwangwani, bekin soda ƙaramin cokali 1 da rabi, bama gwangwani 1 da rabi, sai ruwa ko baƙar gahawa da ta huce, shi ma 1 da rabi. Ba a ƙara gishiri, na cikin bama ya isa. Koko kuwa na cakulan nake nufi, garin nan mai ɗaci, ba na shan ƙosai ba. Milo da Bournvita ba za su maye gurbinsa ba, sukari da madara sun yi musu yawa, kek ɗin zai fito fari-fari yana danƙo. Abin yana ba ni takaici in na tuna fiye da rabin kokon duniya daga Kwadebuwa da Gana yake fitowa, ga namu na Ondo da Kuros Riba, amma garinsa ya fi sauƙin samu a kantin Girinsboro da a na unguwarmu. Ku neme shi wajen masu sayar da kayan kek. Bamar kuma ta kasance ta ainihi mai maiƙo, ba mai ruwa-ruwan nan ta kwalba mai dogon wuya ba, ba kuma wadda aka rage wa mai ba.

Kafin ki taɓa komai ki kunna obin, ki shafa wa gwangwanin gashi mai, ki barbaɗa masa garin koko maimakon fulawa don kada kek ya fito da farin gindi. Ki tankaɗe busassun kayan wuri guda, koko yana da gudaji. A wani kwano ki dama bama da ruwan har su zama kamar kindirmo, ki juye a kan garin, ki juya da muciya iya abin da zai haɗe, ki tsaya. Ƙullun zai yi ruwa kamar na wainar fulawa, kada ki ji tsoro ki ƙara gari. Kuma yana haɗuwa ki sa a wuta, don soda ba ya jiran kowa, in kin tsaya amsa waya kumfar ta tafi. Minti 30 zuwa 35. Ki soka tsinken sakace a tsakiya, in ya fito da ɗan ɓurɓushi ba ƙullu, ya yi.

Maganar wuta ita ce inda na sha kunya. Katin ya ce 350. Ni kuwa a gida na saba da 180, sai na ce a raina tsufa ne ya sa aka yi kuskure, wa zai gasa kek a 350 in ba gawayi yake nema ba? Na murɗa obin zuwa 180, na koma na zauna ina shayar da jariri. Awa guda cur, na leƙa, abu yana nan kamar kunun tsamiya da ya kwana, sai ɗan ɓawo a sama. Maigida ne ya dawo ya duba, ya ce ai ma'aunin zafinsu daban ne: 350 a Farenhait shi ne kusan 180 a namu na Salsiyos, wanda na sa kuwa bai ma kai zafin tafasar ruwa ba. Fulawa da koko da rabin kwalba duk suka tafi bola. Ban taɓa gaya wa tsohuwar ba.

Wadda ba ta da obin, tukunya ta ishe ta. Ƙanwata a Zariya da ita take yi. Tukunya mai kauri, wankakken yashi busasshe a ƙasa, a rufe ya yi zafi kamar minti goma sha biyar, a jera ƙananan duwatsu uku a ɗora gwangwanin a kai don kada ya taɓa yashin, a rage wuta, a zuba garwashi kaɗan a kan murfi. Kada a buɗe kafin minti ashirin da biyar. Hatsarin kek baƙi shi ne ba ka ganin ƙunarsa da ido, sai dai hanci. Da zarar ƙamshi ya fara juyawa zuwa ƙauri, a janye itace.

Tsohuwar tana zuba masa wani abu a sama: sukari kofi ɗaya, koko da madara da bota rubu'in kofi kowanne, a tafasa minti ɗaya, a sauke a yi ta bugu har ya fara kauri, a kwarara. Ta ce wannan ƙarin bayan yaƙi ne, da bota ta dawo. Ni na fi son shi haka nan tsurarsa da shayi, kuma a zafin Afrilu na gida wancan adon narkewa zai yi. In kuna son filebo ku sa ƙaramin cokali. Mu nan sai mun duba kwalba da kyau, don banilar ainihi ta Amurka doka ta ce sai giya ta kai kashi 35 cikin 100 a cikinta, sai dai mu nemi ta gari ko wadda aka rubuta ba giya.

Ba zan ce muku kek ne na masu ƙaramin ƙarfi ba. Na san kwalbar bama ba ta da araha a gida yanzu, kowace ta yi lissafinta da farashin ƙwai da bota a kasuwarsu. Mai injin markaɗe na hannu ma tana iya haɗa tata: ƙwai ɗaya, lemon tsami babban cokali, ɗan gishiri, a riƙa ɗiga mai kofi ɗaya a hankali inji yana juyawa. Ƙanwata ta ce to in haka ne me zai hana a fasa ƙwan a zuba man kai tsaye a huta? Ana yi, kuma zai ciwu. Na gwada duka biyun a rana ɗaya, na bama ya fi santsi a baki, ɗayan ya fi maiƙo a yatsa. Inda ya fi amfani a wurinku, ina jin, shi ne in an yi biki an bar rabin kwalba a buɗe ga shi an ɗauke wuta. Maimakon a zura mata ido ta lalace, a gasa ta a ranar.

Garin nan akwai 'yan Nijar da yawa, Zabarmawa da Hausawan Maraɗi da Damagaram, da su muke Sallah. A ƙaramar Sallar da ta wuce na kai faranti biyu na ajiye tsakanin dambu da soyayyen nama, ban ce komai ba. Akwai wata Hajiya, babbar mace, da kowa ya san ko salak aka sa wa bama ba ta kallonsa. Ta ci, ta ƙara, ta ce in naɗe mata na Alhaji. Sai da ta sa ƙunshin a jaka ta ja zif sannan ta tambaye ni bota nawa na zuba. Na ce Hajiya ai ba bota. Ta ce to ƙwai nawa? Na ce sai dai in mun haɗu a mota zan faɗa miki, nan mutane sun yi yawa. Har yau tana kirana a waya, ina ce mata katin na wurin mai shi.

Ku gaishe da mutanen gida, a shafa mini kan yara. Wadda ta gwada a tukunya ta faɗa mini minti nawa ya ɗauka a murhunta.

Taku,
'yar'uwarku a Girinsboro